Ranar da Aka Fitar da Yaya Daga Ƙasa Yana Kan Tsani

Yayana mai fenti ne. Kana ganin farcensa ka san sana'arsa, don ko ranar hutu ba ka rasa ɗigon fari a gefen babban yatsansa wanda sabulu ya gaza cirewa. A gidan hayar da muke zaune ba wanda ya damu da sunansa, Mai Fenti ake ce masa, har mai gidan. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Auta, ko da yake furfura ta fara leƙo ni. Allah ya yi shi da sanyin hali, irin sanyin da ke ba ni haushi. Ni kuwa zuciyata a kusa take, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba.

Shi ya riga ni zuwa ƙasar nan. Matarsa ta rasu kafin ya taso, ta bar masa 'ya ɗaya, ya bar ta a hannun Innarmu. Likita yake kiranta, don tun tana ƙarama duk wanda ya ce wash a gidan sai ta yago tsumma ta ɗaure masa yatsa, ko da ciwon a ciki yake. Saboda ita ya zo, saboda ita yake hawa tsani.

Dokar a fili take, kuma Yaya ya haddace ta kamar karatu. Baƙon da ya yi shekara biyar a jere da katin zama mai rai, sai a ba shi na dindindin. Mai na dindindin yana iya ɗauko ɗansa, in dai ɗan bai cika sha takwas ba, in kuma akwai ɗakin da zai sa shi. Yaya ya yi lissafi ya ga Likita za ta kai sha bakwai a lokacin. Akwai sarari, amma ba mai yawa ba.

Don haka ya zauna kamar mai tafiya da ƙwai a aljihu. Ko titi babu mota ba ya ƙetarewa sai fitila ta ba shi hannu. Katinsa a cikin leda, ledar a cikin jaka, jakar a ƙirji. Inna ta kwanta ciwo har muka fara tsorata, na ce ya je ya gan ta, ya ƙi, wai kada a ce ya katse zama. Na gaya masa maganganun da ba a gaya wa yaya. Ya ce, "Auta, ka bari kawai in kammala. Abin ƙiris ne ya rage."

A shekara ta uku katinsa ya zo ƙarewa, ya kai takardun sabuntawa tun da sauran lokaci. Ofishin baƙi kuwa duk mun san shi: doguwar farfajiya, kujerun ƙarfe da aka ɗaure da ƙasa, na'ura mai tofo lambar layi, da tagogin gilashi masu ɗan rami a ƙasa, ta yadda dole sai ka sunkuya kafin a ji ka. Suka karɓa, suka ba shi 'yar takarda mai cewa ana duba fayil ɗinsa, ya ci gaba da zama da aiki har a kira shi. Ya jira. Aiki ya yi musu yawa, wata ya bi wata, har shekara ta zo ƙarshe ba a kira shi ba.

A makon ƙarshe na Disamba ofishin ba ya karɓar jama'a. Suna rufe ƙofa su haɗa alƙaluman shekara, baƙi nawa ke da izini, nawa suka tafi, nawa suka shigo, su aika hedkwatar ƙididdiga. A wannan makon ne kuma ake gyaran gini, tunda babu turereniya. Sai ɗan kwangilar da Yaya ke wa aiki ya samu fentin ofishin.

Ranar Yaya ya dawo gida yana dariya. "Ka san inda nake aiki? Bayan gilashin nan. Ashe mutane ne kamarmu, Auta. Shayi suke sha, suna ƙorafin ciwon baya."

Kullum da labarin da zai kawo. Ɗakin ciki ne aka ba shi, inda ma'aikata ke duƙufe kan kwamfuta shi kuma yana samansu yana shafa silin. Wata mai tabarau ta ce ya matsar da bokitinsa, ya matsar har da ba ta haƙuri. A kusurwa akwai tarin fayiloli ɗaure da roba, aka ce masa na masu jira ne. Ya ɗauko leda sabuwa ya lulluɓe su, ya danne gefen da gwangwanin fenti, don kada ɗigo ya ɓata wa wani bawan Allah takarda. Ya ce, "Wa ya sani, ko nawa na ciki." Har hoto ya sa abokin aikinsa ya ɗauke shi, yana kan tsani da rola a hannu, ya aika wa Likita.

Da shigar Janairu aka kira shi, aka miƙa masa sabon kati. Hotonsa ne, sunansa ne, launin katin ma bai sauya ba. Ya sa a leda, ya ci gaba da ƙirga shekarunsa.

Da ta biyar ta kusa cika, ya kama ɗan ɗakin da ke manne da namu. Ya kira Likita ta bidiyo yana nuna mata katin launuka ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi kore mai haske. Ban taɓa ganin ya yi wa wani attajiri aiki irin wanda ya yi wa ɗakin nan ba. Ya kankare bango, ya cike tsaga, ya goge, ya shafa, ya bari ya bushe, ya sake shafawa. Ya sa gado, ya sa teburin karatu kusa da taga. Ni aka hana shiga da takalmi.

Tare muka je ofishin. Lambarsa ta fito, ya sunkuya a taga, ya tura takardunsa. Matar da ke bayan gilashin ta danna kwamfuta, ta dube shi, ta sake duban allon.

"Malam, ai lokacinka bai yi ba. Shekararka biyu a ƙasar nan."

"Biyar, Malama."

"Biyu nake gani. Ka zo, ka yi uku, ka bar ƙasa a ƙarshen Disamba, sannan ka shigo sabo a Janairu."

Yaya ya yi murmushi irin na wanda ya tabbata kuskure ne ƙarami. "Malama, ban je ko'ina ba. A makon nan ma a nan nake. Ni na yi silin ɗin da ke bisa kanki."

Ta ɗaga kai ta kalli silin, kamar zai ba da shaida. Ni kuwa jinina ya riga ya hau. Na cusa baki a ramin gilashin na ce ta nuna mana tashar da ya fita, ta nuna mana hatimin fasfonsa. Mai gadi ya taso. Yaya ya riƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Ƙarshe dai aka ce mu hau sama mu ga mutumin alƙaluma, shi ya san yadda aka yi.

Na so a ce mugu ne. Da na samu wanda zan tsana, da na ji sauƙi. Amma wani dattijo muka tarar, mai tattausar murya da kwalbar maganin tari a tebur. Ya ba mu kujera, ya buɗe fayil ɗin, ya yi ajiyar zuciya tun kafin ya karanta.

Ya ce rahoton da hedkwata ke karɓa gurbi uku ne da shi. Ranar ƙarshe ta shekara, kowane baƙo ko dai katinsa na da rai, ko an hana shi, ko ya tafi. Babu gurbin mai jira. Fayil ɗaya ya rage ba gurbi, na'urar hedkwata sai ta dawo da rahoton ofis gaba ɗaya. Wanda katinsa ya ƙare ba a sa shi cikin masu rai, wanda ba a yanke wa hukunci ba kuma ba a sa shi cikin waɗanda aka hana. To, tun kafin shi ya zo wannan kujera, abin da ake yi shi ne a zuba masu jira a cikin waɗanda suka tafi, rahoto ya wuce, in Janairu ta kama a buɗe musu sabon fayil.

"Yawanci ba ya cutar da kowa," in ji shi. "Mutum ya samu katinsa ya tafi."

Yaya ya ciro waya ya nuna masa hoton. Ga shi kan tsani, ga kalandar ofis a bango, ga tarin fayiloli ƙarƙashin leda. Dattijon ya daɗe yana kallo.

"Na yarda da kai, Malam. Wallahi na yarda. Har na tuna warin fentin, sai da ya tayar mini da tari."

"To a gyara mana, Yallaɓai."

"Alƙaluman waccan shekarar an rufe su, an buga, an raba wa duniya. Ni ba ni da ikon taɓa su. In na cire ka daga waɗanda suka tafi, jimla ta sauya, sai a tambayi sauran. Kuma sauran suna da yawa."

Na ce, "Wato gara yarinya ta rasa ubanta da jimlarku ta motsa?"

Bai yi fushi ba, wannan ya ƙara ƙona mini rai. Ya ce akwai hanyar ɗaukaka ƙara zuwa hedkwata, ya ma taimaka mana muka cike. Yaya ya tambaye shi yaushe ake samun amsa. Ya ce ana dubawa bi da bi.

Muka haɗa duk abin da ke nuna mutum na nan: wasiƙar ɗan kwangila, shaidar mai gida, hoton nan. Hedkwata ta amsa cewa su tattara alƙaluma kawai suke yi, gyaran fayil na ofishin baƙi ne. Ofishin baƙi suka ce shekarar da aka rufe tana hannun hedkwata. Yaya ya yi ta zarya tsakaninsu da rigarsa mai kyau, yana asarar ranakun aiki, yana gaishe da kowa har mai shara. Ni na daina raka shi, don ya ce bakina zai ɓata masa lamari.

Wata safiya ina shirin fita na ji a rediyo ana karanta rahoton ƙididdiga. Mai sharhi ya ce abin sha'awa ne yadda baƙi ke komawa gida da kansu a ƙarshen kowace shekara, abin damuwa kuma yadda sababbi ke kwararowa a farkonta. Aka kira masana biyu suka yi ta musu a kan dalili. Yaya na ɗaure takalmi. Ya ce, "Ka ji, Auta. Ni ne wanda ya tafi, ni ne wanda ya zo. An yi murna da ni, an kuma yi kuka da ni." Wannan ce magana mafi ɗaci da na taɓa ji daga bakinsa, kuma da dariya ya faɗe ta.

Likita ta cika sha takwas ƙarar tana nan ana dubawa. Ranar ta kira, Yaya ya shiga koren ɗakin ya zauna bakin gado, ni ina tsaye a ƙofa. Ita ce ma ke lallashinsa.

"Baba, ba komai. Na samu gurbi a makarantar jinya ta nan. Inna ma ta ce da na tafi wa zai riƙa auna mata jini? Baffa na kusa? Ka ce masa kada ya je ya yi faɗa da mutane."

Ya ce to. Ya ce Allah ya yi mata albarka. Ta ce ya juya wayar ta sake ganin ɗakin, ya juya a hankali, daga taga zuwa tebur zuwa gado. Ta ce, "Ya yi kyau, Baba." Sai muka ji tana jan hanci, ta ce Inna na kira, ta kashe.

Har yau ba a amsa ƙarar ba. Disamba kuma na ƙaratowa, katinsa na hannunsu don sabuntawa. Na ce masa ya shirya jaka, mai yiwuwa bana ma a sake fitar da shi ba tare da ya sani ba. Bai yi dariya ba, na kuma yi nadamar faɗa.

Makon jiya ya gaya wa mai gida zai saki ɗan ɗakin. Mai gida ya ce ba laifi, sai dai a mayar masa da bango fari yadda aka same shi. Na ce Yaya ya bari ni in yi, ko mu sa wani. Ya ce wa zai biya mai fenti alhali ga mai fenti a gida. Muka fitar da gadon da teburin. Ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya zuba fari a faranti, ya fara daga kusurwar taga, sama zuwa ƙasa, ba gaggawa, kamar kullum.

Da ya gama ya sauko daga tsani, muka tsaya muna kallo yana bushewa. Koren ya riƙa tasowa ta ƙarƙashin farin, bango huɗu duka. Na ce ya isa haka, mai gida ba zai lura ba.

Yaya ya goge hannu da tsumma, ya sake tsoma rola.

"Zai lura. Abin da yake nan ba ya ɓacewa da shafawa ɗaya, Auta. Mutanen ofis ne kawai suka iya wannan."