Kurciyar Bayan Wendover

A shekarata ta biyu a garin Greensboro na Amurka na samu aikin yankan ciyawa. Mu biyu ne a mota, ni da wani dattijo ɗan Tawa ta Nijar da kowa ke ce wa Alhaji. Manomi ne a gida kafin 'ya'yansa su ɗauko shi, zaman ɗaki kuma ya gagare shi.

Akwai wasu gidajen haya a bayan titin Wendover da muke yi wa aiki. A ƙarshensu akwai fili mai dogayen itatuwa, ciyawa har gwiwa. Wata safiya cikin watan Mayu Alhaji ya ɗaga mini hannu, na kashe inji. Ya buɗa ciyawa da sanda. Kurciya ce kwance a ƙasa, launinta sak busasshen ganye. Ba wata sheƙar kirki, 'yan tsinkaye ne a ɗan rami. Da ta gyara kwanciya muka hango fararen ƙwai biyu.

"A bar mata nan," in ji Alhaji. Muka yanke ko'ina, muka bar mata wuri kamar faɗin tabarma.

Da muka dawo bayan sati, manajan gidajen ya tare mu. Ya ce 'yan haya suna tsoron maciji. Na yi masa bayani da ɗan Turancina. Ya ce shi ma yana son tsuntsaye, amma a yanke yau, ko ya kira patron ɗinmu, wato mai gidanmu a wurin aiki.

"Alhaji, ya za mu yi?"

"Ni dai hannuna ba zai iya ba, ɗana."

Takarduna na zama a ƙasar ba su fito ba a lokacin, aikin nan kaɗai gare ni. Na je wurin kurciyar na tafa hannu don ta tashi. Sai da na kusa taɓa ta ta tashi, tana jan fiffike a ƙasa kamar ya karye. Ashe ta yi ƙyanƙyasa. Na kwashe 'ya'yan biyu cikin hulata, na kai su gindin wata bishiya, na tafi ɗauko inji.

Ban sake dubawa ba. Kafin in dawo ta koma inda ta bar su, ta lafe. Injin ya ɗan shaƙe, sai na ga gashi yana fita ta gefe.

Alhaji ya tona rami da wuƙarsa ya rufe abin da ya rage. Ya tafi da 'ya'yan gida, yana tauna gero yana ɗura musu da baki. Ɗaya ya mutu bayan kwana biyu, ɗayan ya kai Asabar kafin shi ma ya bi shi. A mota ya faɗa mini, idonsa na kan titi.

Daga nan bai ƙara taka filin ba, sai ya tsaya share ganye a wurin ajiye motoci. Ni na ci gaba da yanke shi har shekara huɗu. Duk lokacin da manajan ya ɗago mini hannu, ina ɗaga masa.