Shitu Direba da Shingayen Hanyar Kano

A tashar Rano, idan ka ce kana neman Shitu Direba, ba mai tambayarka wanne. Shi ne dattijon nan dogo mai furfura a gemu, wanda ba ya shiga hirar direbobi sai dai ya saurara. A Rurum Sabon Gari aka haife shi, gidan manoma, amma fartanya ba ta taɓa zama a hannunsa ba. Kawunsa Hammadu, mai motar haya, shi ya koya masa tuƙi, ya kuma hore shi da cewa kada ya kuskura ya hau titi takardunsa ba su cika ba. Ya riƙe wannan horon har girma.

Yana da shekara talatin wani ɗan garinsu ya yi masa hanyar aiki a gidan wani attajiri a Kano, a unguwar masu hali, inda bishiyoyi suke yi wa titi inuwa, kowane gida kuma da maigadi a ƙofa. Shekara goma sha tara ya yi yana jan Alhaji da iyalinsa. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa cewa ya nuna lasisi ba, ko sau ɗaya. Motar baƙin gilashi gare ta, wani lokacin ma lambarta a rufe take, amma da sun nufo mahaɗa jami'an hanya za su ƙame su ɗaga hannu. Da farko har yana jin daɗi, yana zaton nutsuwar tuƙinsa ake girmamawa. Ranar da ɗan Alhaji ya karɓi sitiyari ya bi hannun da ba nasa ba, Shitu yana gefe, sai ga jami'i ya taho a guje. Da ya leƙa ya ga ko wane ne, sauran motoci ya tsayar domin su samu su wuce. Haka kuma da aka sace injin ruwan maƙwabcinsu, kafin a gama shan shayin safe motocin sintiri biyu sun iso layin.

Da Alhaji ya rasu, magada suka sayar da manyan motocin, suka sallami Shitu da tsohuwar motar da ake zuwa cefane da ita. Bai raina ba. Ya kwaso matarsa Fulera, 'yar Kibiya, suka dawo Rurum, ya shiga ɗaukar fasinja da kayan gwari daga Rano zuwa Kano. Kafin ya fara sai da ya sabunta kowace takarda, ya sayi abin kashe gobara, ya gyara fitilu.

A ranar farko sau huɗu aka tsayar da shi kafin ya isa kasuwa. Abin ya fi tsanani idan an shigo unguwannin bakin gari, inda gidaje suke a cunkushe, 'yan adaidaita da masu baro suna gogayya a kan titi guda mai ramuka. Nan ne ake jan katako mai ƙusoshi a gaban taya, a buga bayan mota da tafin hannu, a ce, "Kai tsoho, sauko!" Idan ya miƙa takardu, sai a jujjuya su ba a karanta ba, a koma duba taya, daga taya a koma madubi, har sai an samo abin faɗa. Shitu ya yi wata uku yana gardama, fasinja suna tsaki, suna cewa shi yake ɓata musu lokaci. Daga baya shi ma ya koyi zura hannu ta taga ba tare da ya dubi fuskar mai karɓa ba. Ranar da ya fara yi, bai iya cin tuwo ba.

Fulera ta ce, "Malam, wai ba kai ne ka yi shekara da shekaru a garin nan ba? Ba su san ka ba ne?"

Ya ce, "Motar suka sani, Fulera. Ita kuwa an sayar."

A bazarar bara ne Malam Hussaini, wani manomin rani daga Lausu, ya same shi da batun tumatir. Tsinkar farko ce, kwando goma sha ɗaya, ya ce ba ya son ya ba dillalan bakin gona, gara ya kai kasuwar 'Yankaba ta Kano da kansa. Suka yi lodi bayan sallar asuba, Shitu ya ɗaure but ɗin bayan motar da igiya sabuwa, suka kama hanya da sanyin safiya. Shinge biyu suka wuce lafiya. A na uku, da shigarsu bakin gari, aka jawo katako.

Shugaban jami'an wurin, wani kakkaura mai baƙin tabarau, bai ko karɓi takardun ba. Ya nuna but ɗin da bai rufu ba, ya nuna wata 'yar tsaga a kusurwar gilashin gaba, ya rubuta lambar motar. Shitu ya zura hannu a aljihu, mutumin ya girgiza kai, ya ce yau ofis ake so a kai motoci. Malam Hussaini ya fito, ya cire hula, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanyen kaya ne, rana za ta taɓa su." Mutumin ya ce shi ba da tumatir yake magana ba. Suna tsaye a nan wata baƙar jif marar lamba ta hau gefen titi tana hon, aka janye mata katakon da sauri, ta wuce. Shitu ya bi ta da kallo. Irin motar da ya saba ja ce, har kalar.

Aka sa wani jami'i ya shiga gaba ya raka su ofis, Malam Hussaini ya matse a gefen kwanduna. Ba su yi nisa ba jami'in ya juyo ya ƙura wa Shitu ido.

"Baba Shitu? Na gidan Alhaji mai koren get?"

Sai a lokacin Shitu ya gane shi. Tajuddeen ne, wanda ya daɗe yana tsayawa a mahaɗar layin Alhaji, suna gaisawa kullum da safe. Ya rame, kakinsa ya koɗe.

"Tajuddeen, me ya kawo ka nan?"

"Aiki, Baba. Wata mota na tsayar, ta tsallake danja, ta kusa kaɗe mai keke. Ban gama tambayar mai ita lasisi ba wayar maigidana ta yi ƙara. Sati bai cika ba aka turo ni nan."

"To, ai ka san ni. Ka san takarduna ba sa taɓa mutuwa."

"Na sani, Baba." Tajuddeen ya share gumi da hularsa. "A can abin da ake ce mana kawai, mu lura kada wani ya dami masu gidajen. A nan kuwa kullum da yamma sai an tambaye mu motoci nawa muka kawo. Su wa za mu kawo? Wanda idan an kama shi ba mai bugo waya."

"Ka sauka a kwanar can mana, ka ce na tsere."

"Shugabanmu ya riga ya rubuta lambar. Idan ba a gan ta a ofis ba, ni zan kwana a ciki. Ka yi haƙuri, Baba."

Shitu ya ci gaba da tuƙi. Ya so ya ji haushin mutumin, ya nemi haushin ya rasa, sai wata gajiya da ta sauko masa a kafaɗu.

Harabar ofishin cike take da adaidaita da babura da tsofaffin motoci irin tasa, masu su suna tsugune a jikin katanga. Bai ga motar kirki ko ɗaya ba. Tajuddeen ya sa aka matsar da wani babur, ya samar musu gefen inuwar darbejiya, amma kafin azahar inuwar ta gudu ta bar su. Malam Hussaini ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe kwandunan sama. Mai sa hannu a takardar saki ya fita, aka ce a jira shi. Suka yi azahar a kan kwali, suka yi la'asar. Tajuddeen ya shiga ya fito ya fi sau biyar yana roƙo, sai wajen ƙarfe biyar aka miƙo wa Shitu makulli. Da ya ja motar baya, ya ga jan ruwa ya taru a inda ta tsaya.

Sun isa 'Yankaba masu saye sun watse. Kwandunan ƙasa sun lotse, sai wani mai markaɗe ne ya taimaka ya kwashe su a yadda ya ga dama. A hanyar dawowa, bayan sun wuce Bunkure, Malam Hussaini ya ce, "Ba laifinka ba ne, Malam Shitu." Bai sake ba shi kaya ba kuwa. Yanzu wani direba yake ba wa, wanda ya san kowane shinge da mutanensa, tun kafin a tsayar da shi ya riga ya gaisa.

Daga ranar Shitu ya daina shiga Kano da mota. Tsakanin Rano da Kibiya yake zirga-zirga, wani lokacin ya yi lodi daga Rurum idan ya samu masu buhunan hatsi. Abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, 'yan acaɓa sun kwashe fasinjan, gwiwarsa ta hagu kuma ta fara ciwo idan ya taka kuloci. A hanyar nan ma akan tsayar da shi, amma sun saba da fuskarsa, sukan ce, "Baba, wuce."

Da 'yarsu Humaira ta haihu a Kano watan jiya, a motar wani suka je suna, shi da Fulera a kujerar baya. Da suka dawo ta tambaye shi ko zai sayar da motar ya huta, tun da yara sun girma. Ya ce bari dai damina ta wuce tukuna, hanyar Kibiya takan yi fasinja lokacin kaka. Ya roƙe ta ta ɗora masa ruwan zafi ya gasa gwiwar.