Kwaɗon Icce na Kawu Gado

Da hantsin wata Alhamis, ranar da ba a zuwa lakwal, wato makarantar boko, cikin kakar shekara ta biyu bayan ƙasarmu ta sami mulkin kai, ina tsaye cikin taɓo har gwiwa a bakin tabkin garinmu, wani ƙauye a ƙasar Tibiri. A hannuna akwai zare, a can ƙarshensa kuma wani ɗan kwaɗo da aka sassaƙa da icce yana tafiya a kan ruwa, ya karkata dama ya karkata hagu, tsakanin ganyen bado. Kawuna Gado, ƙanen mahaifiyata, yana tsaye a bayana yana ce mini in rage gaggawa. Sai na ga ruwa ya kumbura a bayan kwaɗon, sannan ya fashe. Wani baki mai faɗin akushi ya fito ya rufe a kansa, zaren ya ruga cikin tafina ya yanka ni kamar aska, na kife da fuska cikin laka. Kawu bai karɓi zaren ba. Ya dai damƙe ni ta wuyan riga ya tsayar da ni, ya bar ni da abina. Na ja, ta ja, jini yana bin zaren, har na fito da ita gaɓa: tarwaɗa baƙa wadda ta kusa kai tsawon ƙafata, tana dukan ƙasa da wutsiya, tana gurnani kamar bunsurun da aka danne. Kawu ya sa gwiwa ya taushe ta, ya zare ƙugiyar, ya tura ta cikin ruwa ta tafi. Na fashe da kuka don takaici, domin a gidanmu miyar kuka ce kullum, ba ko ƙashi a ciki. Ya wanke hannunsa ya ce, "Arzika, na kashe abin da ya ishe ni."

Kawu Gado tsohon soja ne. Faransa ta ɗauke shi yana saurayi ta kai shi yaƙin Indoshin, can gabas mai nisa, ya dawo da kunnen hagu a toshe, da akwatin ƙarfe. Bai yi aure ba. Bukkarsa tana bayan rumbunanmu, kusa da turken jaki. Yana noma kamar kowa, hauyarsa ma ta fi ta kowa sauri a ranar gayya, amma ba ya zaman hira a dandali, kuma idan maharba suka buga bindiga a daji sai ya bar abin da yake yi ya shiga ɗaki. A can ƙasar yaƙin ya ga manoman shinkafa suna jan kwaɗo a kan ruwa su yaudari kifi, ya dawo da wannan a ransa, da damin ƙugiyoyi, da zaren da ya warware daga igiyar laimar sojan sama.

Ni kuwa a lokacin rayuwata ba ta wuce tsakanin gona da lakwal ba. Da sassafe in kai awaki bakin gari, in yanko wa jaki ciyawa, in ɗauki allona in ruga, domin mushe, malaminmu, yana tsaye a ƙofa da bulalar tsamiya, kuma duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a cikin aji sai ya sha ta a tafin hannu. Da marece mu kori tsuntsaye daga gero da gwangwani, mu kwashe zangarniya zuwa wurin ɗaurin dami, sannan mu yi langa da kokawa a kan yashi har wani ya fasa wa wani leɓe. Amma da na sami sarari, sai bukkar Kawu. Nan nake tarar da shi da 'yar wuƙa da busasshen reshen tumfafiya, wanda ba shi da nauyi, yana feƙe shi. Ya fitar da kwaɗo, ya fitar da fara, ya fitar da wani siriri kamar ɗan tsaka. Ya ƙona musu baya da garwashi, ya huda gindin ya cusa 'yar dalma don kai ya ɗago sama, ya shafe su da kakin zuma, ya ɗaura ƙugiya a ciki da wutsiya.

Zaɓen wanda za a jefa shi ne babban karatun, kuma a nan ne kaɗai nake jin Kawu yana doguwar magana. Kafin ya taɓa jakarsa sai ya tsuguna ya daɗe yana kallon tabkin. In ruwa ya kwanta lumui, siririn yake ɗauka, mai tafiya shiru, domin mai kauri yana faɗuwa da ƙara ya kori kifi. In iska ta tayar da 'yan igiyoyi, sai ya ɗauko ƙaton da ya rarake cikinsa ya zuba tsakuwa, wanda yake kacau-kacau idan an fizge shi. In fara ta yi yawa a gonakin bakin ruwa, ita ma ta icce ita ke aiki. Bayan kwaɗon bai dame shi ba, cikinsa yake dubawa. "Kai ne kake ganin bayansa," yakan ce, "ita tarwaɗa daga ƙasa take kallo." Zaren a jikin gwangwanin madara yake naɗe. A wulwula kwaɗon sama da kai a saki, a bar shi ya huta har zobban ruwa su mutu, sannan a riƙa fizga kaɗan ana sassautawa, shi kuwa yana tafiya kamar mashayin burkutu. Kafin ƙarshen kakar nan na iya zaɓe da kaina, har ya daina gyara mini.

Sai dai tabkin yana da doka. Daga saukar damina har sanyi ya wuce, ba mai taɓa kifinsa, sai ranar da Sarkin Ruwa, wani tsoho mai suna Dari, ya yanka wa Doguwa, aljanar tabkin, baƙin bunsuru ya buɗe su, wato kamun kifi, gari duka ya faɗa ruwa da ragar homa da gora. Kawu yana ganin bai karya doka ba tunda ba ya ɗaukar ko ɗaya. Mutane kuwa suna ganin abin da yake yi ya fi sata muni. Ɓarawo yunwa ce ta kai shi, shi kuma yana yaga bakin dabbobin Doguwa don nishaɗi ya mayar mata da su da rauni. Da aka tsinci wata babbar tarwaɗa ta mutu tana yawo a kan ruwa, kuma a makon wata yarinya ta zame a wurin wanki da kyar aka ciro ta, magana ta ƙare a bakin kowa. Tsoho Dari ya zo da kansa har ƙofar gidanmu ya ce, "Gado, tabkin ga yana da mai shi. Ka bari." Kawu ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, amma bai bari ba. Inna ta hana ni zuwa. Amma gonarmu ta wake tana bakin tabkin, kuma Kawu aka ba ni in taya roro, saboda haka duk inda ya nufa ina tare da shi.

Ranar da abin ya faru, rana ta karkata, mun gama cika buhu. Ruwa ya kwanta, na zaɓi siririn, na jefa, na fara tafiyar da shi. Kawu yana can gefe yana wanke ƙafa, toshasshen kunnensa yana wajena, don haka bai ji tahowarsu ba. Barmu ne, babban ɗan Sarkin Ruwa, ɗan kokawar da garinmu yake taƙama da shi, da ƙannensa da abokansu, kowa da sanda. Na yi sauri na janyo kwaɗon, yana reto a gabana, sai Barmu ya cafke zaren ya fizga da dukan ƙarfinsa. Kwaɗon ya tashi ya mare ni a fuska, ƙugiyar wutsiya ta shige kuncina na dama har na ji ƙarfe a kan haƙori. Bai lura ba, ko kuwa ya lura, har yau ban sani ba. Ya ci gaba da ja yana zagi, ni kuma ina bin sa da rarrafe cikin taɓo, riƙe da zaren da hannu biyu don kada naman ya yage, jini ya cika mini baki har na kasa ihu.

Kawu ya waiwayo. Ban taɓa ganin fuskar nan ba kafin ranar, ban kuma sake ganinta ba. Ɗaya daga cikin samarin ya sauke masa sanda a ka, fatar ta tsage, jini ya rufe masa ido, amma kamar an doki kututture. Ya ƙwace sandar ya caka wa yaron a ciki, ya juya ya share ƙafafun wani. Barmu ya saki zaren ya kai masa kamun kokawa. Kawu ya kama hannun ya murɗa shi ta baya ya sa gwiwa, muka ji ƙarar ƙashi kamar an karya busasshen kara. Sauran suka ja da baya. Shi kuwa bai tsaya ba. Ya ja Barmu cikin ruwa ya danna kansa cikin laka ya hau bayansa, yana faɗin wasu kalmomi da Faransanci, yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba. Ƙafafun Barmu suna dukan ruwa, sannan suka fara lafawa. Samarin suna tsaye da sandunansu, tsoro ya hana su matsowa. Na shiga ruwan da kwaɗon yana reto a fuskata, na ja rigarsa, bai ji ba. Na daki bayansa, bai ji ba. Sai na kama kunnensa mai lafiya na gantsara masa cizo da bakin da ke cike da jini. Ya juyo da hannu a sama zai kai mini duka, ya gan ni, ya tsaya. Ya dubi abin da ke ƙarƙashinsa, ya ɗago Barmu da kansa ya jawo shi gaɓa, ya danna cikinsa har ya amayar da baƙin ruwa ya yi tari. Sannan ya zauna cikin taɓo ya rufe fuska.

Ƙugiya mai kunne ba ta fita ta inda ta shiga. A zauren wanzami aka kwantar da ni, mahaifina ya danne mini ƙirji, wani ya riƙe kaina tsakanin gwiwoyinsa. Wanzamin ya tura ƙarfen gaba ta cikin baki har kunnen ƙugiyar ya fito sarari, maƙeri ya datse shi da awartaki, aka zare sauran, aka cusa garin bagaruwa. Na suma kafin su gama. Da na farfaɗo na ji muryar Inna a tsakar gida tana yi wa ƙanenta faɗa tana kuka.

Dattawa ba su so maganar ta kai ga jandarma, jami'an tsaron gwamnati, a Dogon Dutsi ba, don an san za a tafi da mutane daga gida biyun. A ƙofar mai gari aka yanke ta. Kawu zai ba da baƙin bunsuru, zai ƙone kayansa a gaban jama'a. Aka fito da ni da kumburarriyar fuska don kowa ya ga abin da Barmu ya yi, aka fito da Barmu da hannu a ɗaure cikin karare don kowa ya ga abin da Kawu ya yi. Kawu ya zazzage jakar a kan wuta da hannunsa. Tumfafiya da kakin zuma ba su da wuyar ci, nan da nan suka zama toka, tsakuwar cikin ƙaton tana fashewa. Tsoho Dari ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce wa ɗansa, "Da ba don yaron ga ba, da yau zaman makoki muke."

Bayan an kai dami rumbu Kawu ya ɗauki akwatinsa ya ce zai tafi cin rani Gaya, bakin babban kogi. Ya shafa kaina ya ce in riƙa jin maganar Inna. Bai dawo ba. Muka riƙa jin labarinsa daga bakin fatake, cewa yana gadin wani shago, cewa kullum da marece ana ganinsa a bakin ruwa shi kaɗai, har shekarar da aka aiko mana da rasuwarsa. Hannun Barmu ya ɗoru a karkace, bai sake shiga filin kokawa ba. Ya gaji ubansa a sarautar ruwa, kuma har ya tsufa, duk inda muka haɗu shi yake fara gaishe ni, ya tambayi gida, ya wuce. Ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Bara na je gida na taka har wurin. Rairayi ya cinye tabkin, abin da ya rage ɗan kududdufi ne da ke ƙafewa kafin a gama girbi. Inda ruwa yake kai wa babban mutum wuya, yanzu lambunan albasa ne da zogale, injin ban ruwa yana ta ƙugi, jikokin Barmu da jikokin yayyena suna aron tiyo a tsakaninsu. Ba Sarkin Ruwa, ba ranar buɗe su, ba wanda zai hana ka komai, domin ba abin da ya saura da za a hana. Yaran da na tarar sun san kifi ne a cikin kwali, daskararre, a bayan babur daga Dogon Dutsi. Na tambaye su ko sun san a nan an taɓa yin ruwan da mutane suka kusa kashe juna a kansa, suka yi dariya, suna zaton wasa nake. Na daɗe a tsaye a kan busasshiyar ƙasar. Ban taɓa zaton zan yi kewar wurin da aka zubar da jinina ba.