Malam Ɗahiru Ba-tozo da bijimin da ya bar mini riƙo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Ɗahiru ya rasu. Yau da hantsi labari ya iske ni nan Fakku, ina tsugune ina kwaɓa dusa. Kuma bai iske ni ba sai da anka riga anka rufe shi a Tambuwal.

Babban ɗansa Nura ne ya bugo waya. Ya ce, "Baba Arzika, Allah ya yi ma Malam cikawa, har mun dawo daga maƙabarta." Ban rufe baki daga salati ba ya ce, "Af, Baba, bijimin nan yana wajenka ko? Mun yi magana da wani mahauci, za a turo mota kafin ranar kasuwa."

Mutuwar uba da cinikin sa, a numfashi guda.

Na ce, "Nura, da ka bari ƙasar kabarin ta sha iska." Ya ce in yi haƙuri, mutane na jiransa.

Ni ban yi boko ba. Maƙwabcina ke latsa waya ina faɗi, kuma na ce mai in ya gyara mini kalma guda ban yafe ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Ɗahiru malamin dabbobi ne. Da ya aje aikin gwamnati sai ya buɗe gidan turka bayan garin Tambuwal, inda ake ɗaure shanu a ciyar da su su yi nama a sayar. Shi ya kawo mana jinin wasu shanun Turawa da ake ce ma Shothon, jajaye masu gajerun ƙaho. Ba bijimi ya kawo ba. Irin ne ke zuwa cikin wata tukunyar sanyi, a ɗura ma saniya.

Ranar da ya fara gaya mini na ce, "Malam, saniyata ɗiyar halak ce, ba ta ɗaukar ciki da allura." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "To, tsoho mai taurin kai. Ga saniyata Gudali, riƙa mini, mu gwada da ita. In ta haifi aljani nawa ne."

Ba ta haifi aljani ba. Ta haifi Guntu, bijimin da ake son turo ma mota.

Malam ya kan ce, "Rabi ya isa. Uwa ta ba shi fatar da ke jure rana da kaska, uba ya ba shi nama." Kuma na gani da idona. A ɗaure ɗan ruwa biyu da Gudali tsaransa, kwamin cin abinci guda, dusa guda, harawa da angurya guda. Shi ba ya tsalle, ba ya faɗa da turke. Ya ci ya kwanta. Kafin Gudali ya rufe haƙarƙari, shi bayansa ya yi faɗi kamar tabarma.

Laifinsa guda: ba ya da tozon kirki.

Ranar da munka fara kai wani ɗan ruwa biyu kara, kasuwar shanu, a Tambuwal, wani dillali, ba ni faɗin sunansa, ya san kansa, ya zagaya shi yana tafa hannu. Ya ce, "Arzika, wa ya zauna ma sanka bisa tozo? Ko gida ka manto shi?" Na ce, "Kai tozo kake ci ko cinya?" Ya ce, "Ni dai ban sayar da barbarar yanyawa." Kara duka ta ɗauki dariya. Ni na ɗaga sanda. Malam ne ya riƙe mini hannu ya ce, "Bari, tsoho. Wuƙa za ta ba su amsa."

Amma abin da ya karya shi ba dariyar kara ba ce. Karkiya ce.

A taron manoma a Kebbe ya tsaya ya faɗa, da bakinsa, ina wajen: shanun ga na turke ne, ba na huɗa ba ne. Kowa ya ɗaga kai. Damina na faɗuwa, waɗanda shanunsu sunka haifi ruwa biyu sunka ga bijimai masu ƙirji, sunka ce wanga ƙarfi ba ya zama banza. Sunka ɗora masu karkiya. To karkiya bisa tozo take tsayawa, ko mahaukaci ya san haka. Ta dinga zamewa tana saɓule masu wuya. Ga rana. Sa ya yi kunya biyu ya tsaya yana haki, harshe waje. Wasu nan cikin gona sunka kwanta.

Wa anka ce ya yi laifi? Mai karkiya? A'a. Malam Ɗahiru.

Sunka kai ƙararsa wai ya ɓata irin shanun ƙasa. Sunka laƙa mai suna Ba-tozo, har a wajen ɗaurin aure sai ka ji an ce, "Ku matsa ga Ba-tozo nan." Sunka bi bijiman da sunka rage ɗaya bayan ɗaya sunka dandaƙe. Tukunyar sanyi ta daina zuwa, don ba mai kawo saniya.

Ni ma an iske ni har gida wai in dandaƙe Guntu kada ya hau shanun mutane a mashaya. Na ce duk wanda ya taɓa shi, ya fara da ni.

Sai ga wani Alhaji daga birni, mai babban gidan turka da sikeli. Ya bi ƙauyuka shiru ya kwashe dandaƙaƙƙun nan da kowa ke neman kai da su, ya turke, ya loda mota ya yi kudu, can inda ake auna sa ba a duba tozonsa. Bai taɓa tsayawa gaban mutane ya ce Malam na da gaskiya ba. Ko sau guda. Yanzu an nuna mini ya sa hotonsu tare a Fesbuk, ya rubuta wai "babanmu, malaminmu". Alhaji, ka ji kunya. Kuma in ka zo gaisuwa kada ka zauna kusa da ni.

Ni ga abin da na sani game da Malam Ɗahiru.

Da saniyarsa ta zo haihuwar Guntu, maraƙi ya yi girma ya ƙi fita. Ya taso daga Tambuwal bisa mashin, hanyar Kebbe kuwa kun san ta da damina. Ya iso taɓo har gwiwa, bai sha ko ruwa ba ya tuɓe riga ya sa hannu.

Ya san ban karatu. Bai taɓa ce mini "duba jikin kwalba" ba. Zare yake ɗaura ma kwalaben magani, ja na tsutsar ciki, baƙi na kaska. Bai kuma taɓa yin zancen gaban kowa ba.

In ya zo, sai ya fara shiga ya gai da mai ɗakina, ya ce, "Inna, a dama mini fura kafin tsohon ga ya fara faɗa."

Ganina da shi na ƙarshe bayan girbi ne. Wani ya goyo shi, don ba ya iya tuƙa mashin. Ya rame har agogo na yawo a hannunsa. Na ce, "Malam, mi ke cin ka?" Ya ce, "Tsufa ne nika koyo wajenka." Ya zauna bakin kwami, Guntu na shinshinar rigarsa. Ya daɗe yana sosa mai tsakanin ƙaho. Sannan ya ce, "Arzika, shi kaɗai ya rage. Kada ka bari a sa mai wuƙa sai ya bar baya da yawa."

Na ce, "Faɗa ma ɗiyanka."

Ya ce, "Ina faɗa masu."

Bai faɗa ba. Kuma ko shi ina da fushinsa. Malam, ka san ciwonka, ka ɓoye mini. Ka san ɗiyanka, ba wanda ya taɓa ɗaukar kwandon harawa cikinsu. Mi ya hana ka tara mutum biyu ka yi maganar ga gabansu? Ka bar ni da wasiyyar da ba ta da shaida sai sa.

To ga inda na tsaya. Uwar Guntu ta Malam ce, riƙo anka ba ni. Don haka Guntu gado ne. Na yi faɗa da dillalai, na yi da manoman Kebbe, amma ba ni faɗa da rabon Allah, kuma ba ni shiga kabari da haƙƙin magada a wuya. In mota ta zo, ni da hannuna zan kwance shi. Ba dai ni kama masu igiya wajen lodi.

Amma mota ba ta zo ba tukuna.

Duk mai saniyar da ke neman sa, daga Fakku, daga Kebbe, har Tambuwal in kana iya koro ta, ka kawo ta gidana Guntu ya hau ta kafin ranar kasuwa. Ba a biyan komi. Ɗiyansa, ko da uwarsu Gudali ce zalla, ka dubi bayansu ka san jinin na nan. Ku da kunka dandaƙe naku, ku kawo. Kai ma dillali, kawo taka. Ba ni gaishe ka, amma ƙofar garke a buɗe take.

Allah ka jiƙan Malam Ɗahiru. Ka yalwata mai kabari, ka sanyaya mai makwanci kamar yadda ya nema ma dabba inuwa. Abin da mutane sunka hana shi a nan, ka auna mai a can, kai da ba ka tauye mudu.

Wanda ya karanta, ya yi mai Ƙulhuwallahu. Wanda ya taɓa ce mai Ba-tozo, ya fara da neman gafara, sannan ya koro saniyarsa.