Cunkoson Gyadi-Gyadi

A duk faɗin Tarauni, ina jin ni kaɗai ce na taɓa yi wa cunkoson motocin Gyadi-Gyadi fatan alheri.

Maigidana direban tirela ne. A farkon aurenmu, idan ya shigo Kano da kaya sai ya ratse ya ajiye motar a bakin layinmu, ya yi wanka, ya ci tuwo, ya miƙe ƙafa, sannan ya wuce. Maƙwabta su yi ta mita wai ya tare musu hanya, ni kuwa ko a jikina.

Sai gas ya yi tsada. Alhajin da ke da motocin ya daina cika tanki, ya koma auna wa kowane direba daidai tafiyarsa, wanda nasa ya ƙare a hanya kuma ya ajiye makulli. Daga nan bakin maigidana ya cika da zancen iskar taya, da taka totur a hankali, da yadda yawan birki ke shanye mai. Ko risho ya ga na bari yana ci babu tukunya a kai, sai ya ɓata rai. Ratsowa gida kuwa ya daina.

Na ce, "Malam, gaishe da iyali ma yanzu shan mai ne?"

Ya ce, "Ba gaisuwar ba ce. Mota da kaya in ta tsaya, tashinta ne ke cin mai. Ki yi haƙuri, ba ni na yi ba."

Haushi ya ishe ni, amma na san gaskiyarsa. Sai muka koma ga cunkoso. In ya kusa zai bugo waya, na ɗauki kular abinci da wankakkun kaya na fita titin Zariya. A wurin mota rarrafe take yi. Ina tafiya a gefen ƙofarsa, na miƙa masa kula, ya miƙo min kayan dauɗa da kular wancan zuwan. A haka nake faɗa masa ƙaramarmu ta fara haƙori, ko rufin kicin yana yoyo, ina ɗaga murya saboda ƙarar inji, masu adaidaita suna min hon. A haka muke faɗa, a haka muke shiryawa. Na gaji da auren bakin titi ƙwarai, amma dai ina ganin fuskarsa, ina gane ya rame ko bai rame ba.

Da aka fara aikin gadar sama a Gyadi-Gyadi, kowa murna yake, har ni. Ban kawo komai a raina ba.

Zuwansa na farko bayan an buɗe ta, na fita da dambun shinkafa, na tsaya inda na saba. Titi fayau. Can na ji hon ɗinsa a samana, na ɗaga kai, rufin tamfol kawai na hango yana wucewa.

Wayata ta yi ƙara. Muryarsa cike da farin cikin da na daɗe ban ji ba. "Kin ga ikon Allah? Ko birki ban taka ba. Yau mai zai ragu."

Na ce, "Madalla, Malam."

Ina jin sai da ya ji muryata ya tuna da ni a ƙasa. Na jira ya ce zai juyo, shi ma ya jira na ce ya juyo, babu wanda ya faɗa. Na tsallaka titi na koma gida, kular tana ƙona min hannu.