Ranar da Malam Mele Ya Zuba Littattafai a Rijiya

Malam Mele ɗan Babura ne, ɗan gidan 'yan hatsi. Kakanninsa Barebari ne da fatauci ya kawo su suka zauna, kuma duk mazan gidan a kasuwa suka tashi, suna awon gero da dawa, suna ciniki da mutanen Nijar. Shi kaɗai ne aka kai boko ya zarce. Da ya gama kwalejin horar da malamai aka tura shi wata ƙaramar sakandare a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa ya koyar da Hausa. A can ya auri Zaituna, a can ya tara iyali.

Danginsa ba sa ɓoye cewa a farkon aikinsa mutum ne mai saurin hannu. Da tsumagiyar tsamiya yake shiga aji. Wanda ya manta aya bulala ɗaya, wanda ya fara jimla da ƙaramin baƙi biyu, wanda ya haɗe kalmomin da ya kamata a raba, wannan sai yadda hali ya yi. A ganinsa haka aka koya masa, haka kuma zai koyar. Wata rana tsumagiyar ta karye a jikin wani yaro mai suna Mamuda, sai ya cika da mari. Jini ya biyo kunnen yaron na hagu, kuma tun daga ranar bai ƙara ji da shi ba. Iyayen suka ce ƙaddara ce, suka yafe. Yaron dai bai sake taka makarantar ba.

Daga nan Malam Mele bai ƙara dukan ɗan kowa ba. Ya sa kowane ɗan aji uku ya nemi jan biro. Idan sun yi insha'i sai su yi musayar littattafai, kowa ya gyara na ɗan'uwansa, ya sa waƙafi inda numfashi ke tsayawa, ya soke kalmar da ba ta da aiki, ya ba da maki, sannan shi ya bi sawu. Ranar Alhamis kuma akwai abin da yake kira farautar kuskure. Yara su kwafo rubutun da suka gani a jikin shaguna da bayan motoci, a zo aji a gyara ana dariya. Doka ɗaya ya kafa: a kwafo a littafi, kada a taɓa kayan mutane.

Shekara goma sha uku ana haka, har aka shiga kakar wani zaɓen ƙananan hukumomi, a farkon damina. Garin ya ɗauki zafi. 'Yan jagaliyar wani ɗan takarar kansila suka manne bangon makarantar da fastoci, kuma a makon nan suka sari wani ɗan acaɓa a kafaɗa don kawai an ce ya yage guda ɗaya.

Wata safiya aka wayi gari an bi babbar fastar da ke bakin ƙofa da jan biro. An zagaye kurakurai, an sa aya da waƙafi inda babu, a ƙasa kuma, daidai ƙirjin ɗan takarar, an rubuta: uku bisa goma, a sake rubutawa. Wani ya ɗauki hoto a waya. Kafin azahar hoton ya kai Kazaure, 'yan ɗaya jam'iyyar suna ta yaɗawa suna shewa.

Kallo ɗaya Malam Mele ya yi wa fastar ya gane rubutun. Na Muhsina ne, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da ta fi kowa kaifin ido a ajin, wadda ke riga kowa zuwa saboda shara. Ubanta Salisu yana da shagon kayan masarufi a bakin kasuwa, kuma kowa ya san ɗan ɗaya jam'iyyar ne. Idan sunan yarinyar ya fita, ba wanda zai yarda ƙuruciya ce. Za a ce uban ne ya aiko ta, kuma Allah kaɗai ya san abin da za a yi wa shagon da mai shagon da ita kanta. Malam Mele ya ƙudurta ba zai bari sunanta ya fita ba. Ya dai tattara littattafan ajin gaba ɗaya, sittin da uku, ya zuba a buhu ya ajiye a ofis.

Da hantsi ranar Talata 'yan jagaliyar suka shigo harabar makarantar a kan mashin biyar, kowane da goyo, da gora da adda. Shugaban makaranta ya tafi taro Roni. Wanda ya shigo ajin da yagaggiyar fastar a hannu ƙato ne mai jajayen idanu, amma Malam Mele bai kasa gane shi ba.

"Malam, barka da aiki," in ji shi.

"Mamuda. Mu je waje mu yi magana, yara suna karatu."

"A nan za a yi ta. Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

Mamuda ya juyo da kunnensa na dama, yana murmushi. "Ta nan za ka faɗa, Malam. Wancan kai ka rufe shi da hannunka."

"Na ce ni na rubuta."

"Haba Malam. Shekara biyu ina kallon rubutunka a littafina. Naka a kwance yake kamar geron da iska ta kayar. Wannan kuwa ƙanana ne, a tsaye cir. Ban gama makaranta ba, amma ai ba jaki ba ne ni." Ya dubi ajin. "A kawo littattafansu. Ɗaya bayan ɗaya za mu gwada."

A layi na biyu Malam Mele ya hango Muhsina ta dafa benci tana shirin miƙewa. Ya daka tsawar da yaran ba su taɓa jin irinta daga bakinsa ba. "Kowa ya kifa kansa. Duk wanda ya ɗago sai na tattaka shi."

Kawuna sittin da uku suka kife. Ya juya ga Mamuda ya ce littattafan suna ofis, bari ya ɗauko.

Aka haɗa shi da mutum ɗaya. Ya shiga ya saɓo buhun a kafaɗa, yana jin nauyinsa. Aikin zango biyu ne a ciki, har da insha'in yaran da sai bana suka fara iya jera jimla uku ba tuntuɓe. A bayan ofishin akwai tsohuwar rijiya da aka daina sha tun da aka haƙa fanfon tuƙa-tuƙa, an rufe ta da guntun kwano. Maimakon ya karya kwana zuwa aji, sai ya miƙe. Taku bakwai ne. Ya ture kwanon da ƙafa ya saki buhun. Sai da aka ɗan jima kafin a ji faɗuwarsa cikin ruwa.

Gorar farko a ƙeya ta same shi. Ya faɗi a kan gwiwa, ta biyu ta sauka a haƙarƙari. Sauran suka fito daga aji da gudu suka rufar masa, wannan ƙafa, wannan gora, wani kuma yana dukansa da gefen adda. Goshinsa ya fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya, ya ji haƙori a kan harshensa ya tofar. Can sama-sama yana jin ƙarar tagogi, yara suna dirowa suna ihu sun nufi gari, sai hankalinsa ya ɗan kwanta.

"Ku dakata," in ji Mamuda. "Ku riƙe min hannunsa na dama."

Suka ja hannun suka shimfiɗa shi a kan simintin bakin rijiyar. Mamuda ya tsuguna har Malam Mele yana jin warin abin da ya sha.

"Suna kawai, Malam. Ka faɗa mu tafi."

Da ƙyar maganar ta fito, sai da Mamuda ya kawo kunnen dama kusa. "Kunnenka alhakina ne, ban taɓa mantawa ba. In shi ka zo karɓa, ga hannun nan. Suna kuwa babu."

Mamuda ya miƙe. Sau uku gorar ta sauka. A ta biyu Malam Mele ya ji ƙashi ya ba da ƙara, a ta uku bai ji komai ba.

Mutanen da ke shuka a gonakin bayan makaranta ne suka fara isowa, da fartanya da galma a hannu. 'Yan jagaliyar suka haye mashinansu, ɗaya ya ƙi tashi, masu shi suka zubar suka bi ta cikin gona. Nan take mutanen gari suka cinna masa wuta. Aka ɗauki Malam Mele zuwa asibiti a Kazaure, ya yi kwana goma sha ɗaya, daga baya aka haɗa da mai ɗori. Hannun ya warke a karkace, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa har yau. Da hagu ya koma rubutu a allo, kuma yana nan yana koyarwa. An kama mutum biyu, bayan zaɓe aka gan su a gari. Mamuda ya bar yankin.

Tambayar wanda ya yi rubutun dai ba ta mutu ba. Dagaci ya yi ta, shugaban makaranta ya yi ta, Zaituna ma ta yi ta tana gasa masa haƙarƙari. "Malam, ko ni ba za ka faɗa wa ba? Ni da nake wanke jinin?"

"Ke da bakinki ba ya riƙe ko kunu mai zafi?" in ji shi. Ta yi fushi na kwana biyu.

Da ya dawo gida Salisu ya zo dubiya, da lemo a leda, Muhsina tana biye da shi. Ya zauna a tabarma yana kallon hannun yana girgiza kai.

"Malam, yaran yanzu ba sa jin magana. Wallahi da a ce daga gidana aka jawo maka wannan, da ni zan fara karya yaron kafin su Mamuda su iso."

Muhsina ta fashe da kuka. "Malam, Baba, ni ce dai…"

"Ke ce dai ba ki kawo wa babanki ruwa ba," in ji Malam Mele. "Tashi ki shiga wajen Zaituna."

Da za su tafi Salisu ya riga Muhsina fita zaure. Malam Mele ya kira ta, ya rage murya. "Waɗannan mutanen suna nan, kuma babanki a bakin kasuwa yake wuni. In kika buɗe baki, an karya hannun nan a banza ke nan. Kin ji ko?"

Ta ce ta ji.

Ba a taɓa shagon Salisu ba, ba kuma wanda ya tare Muhsina a hanya. Sai bayan shekara huɗu, ta gama babbar sakandare, ɗan takarar nan da ya ci kansila ma ya sauka, sannan ta zo da kanta ta zauna a tsakar gidan ta faɗa wa Zaituna cewa ita ce ta bi fastar da jan biro.