Rigar sanyin Nanret

Jiya na leƙa wurin maƙwabciyata Maman Nanret a Garki, na tarar da ita zaune bakin gado da wata jibgegiyar rigar sanyi a cinya, idonta ya yi jawur.

'Yarta Nanret, mai shekara sha shida, ta cinye jarrabawar IGCSE, ta sakandare a tsarin Ingila, tas. Har godiya suka yi a coci, aka yi anko, aka sayo rigar nan saboda yarinya za ta jami'a a Ingila. Ni ma na ci shinkafar.

Sai jami'ar ta ce wannan sakamakon bai isa shiga digiri ba. A tsarinsu, bayan IGCSE sai an ƙara shekara biyu ana karatun share fagen jami'a, wato A-Level. Uwar kuwa ta ɗauka irin namu ne, daga aji shida sai jami'a. A sakandaren da ta manna hoton yarinyar a allon talla kuwa, ko mutum ɗaya bai zaunar da uwar ya yi mata bayani ba. Abin ya ƙona min rai.

Nanret ta shigo, murya ƙasa-ƙasa: "Mama, faɗuwa na yi ke nan?"

Uwar ta share ido, ta zura mata rigar. Hannun rigar ya rufe har yatsunta.

"Wa ya ce kin faɗi? Duba, dama ta yi miki yawa. Kafin shekara biyu kin cika ta."

Wallahi sai da na kau da kai, kada su ga hawayena.

Iyaye, kafin ku sayi akwati, kun tambayi inda takardar yaranku za ta iya kai su?